Latas A Tsakiyar Ƙanƙara: Tarihin 'Yan Lambun Birnin Paris

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Yau Faransa za mu je, kuma maganar kashin doki za mu yi. Eh, kashin doki. Ku dai ba ni aron hankalinku.

Sai mun fara daidaita wata magana tukuna, don kada mu rikice a gaba. A wurinmu hunturu shi ne lokacin lambu. Da an gama kaka, sanyi ya fara saukowa, sai 'yan fadama su zage damtse: tumatir, albasa, latas, kabeji, karas, alkama, duk a wannan lokaci suka fi yin kyau. To a Turai abin akasin haka yake. Kakarsu, daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ganye ke zubewa ne, komai na shirin mutuwa. Hunturunsu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙasa kan daskare da dare, rana kuma a Paris ba ta wuce awa takwas da 'yan mintuna a sama a watan Disamba, ita ma sau da yawa gajimare ya rufe ta. Shuka mai laushi irin latas dare ɗaya ya isa ya kashe ta. Saboda haka ɗaruruwan shekaru abincin talakan Turai a wannan lokaci bai wuce burodi, busasshen wake, kabeji, da 'yan saiwoyin da aka ɓoye tun kaka ba. Ɗanyen ganye sai an jira bazara.

Amma a ƙarni na 19 mutumin Paris yana iya shiga kasuwa a watan Janairu ya sayi ɗanyen latas da aka yanko a daren jiya, a bayan gari, kai wani lokaci ma a cikin garin. Har rarar ake ɗorawa a jirgi a kai Landan. Babu lantarki, babu leda, babu injin ɗumama ɗaki. Ta yaya?

Labarin ya fi sauƙin kamawa daga fadar Versailles. Sarki Louis na 14 mutum ne mai son ci, kuma mai son a ga ikonsa a kan komai, har a kan yanayi. Yana da wani bawan Allah mai suna Jean-Baptiste de La Quintinie, wanda aka haifa a 1626. Asali lauya ne, karatun shari'a ya yi. Ya raka ɗan wani babban mutum yawon buɗe ido Italiya a matsayin malaminsa, lambunan can suka tafi da hankalinsa, ya dawo ya ajiye shari'a ya kama ƙasa. A 1670 sarki ya ɗora shi a kan duk lambunan 'ya'yan itace da kayan miya na masarauta. Daga 1678 zuwa 1683 ya gina babban lambun sarki a Versailles, hekta tara.

Filin da aka ba shi ba abin arziki ba ne. Kududdufi ne da mutanen wurin ke yi wa laƙabi da tafki mai wari. Sai da aka janye ruwan, aka yi ta jido ƙasa daga wasu wurare ana cikewa, aka zuba taki daga bargar sarki. Sannan ya yi dabara biyu. Ta farko, ya sauke tsakiyar lambun ƙasa, ya kewaye shi da katangu, ya kuma yanka sauran filin zuwa ƙananan lambuna kowanne da nasa bango. Bango yana tare iska, yana shan zafin rana da yini, ya sake shi da dare. Ta biyu ita ce wadda ta shafe mu: ya yi amfani da ɗanyen kashin doki a matsayin murhu. Da haka ya riƙa kai wa sarki latas a Janairu, da 'ya'yan sitiroberi a ƙarshen Maris, da ɓaure a Yuni, kowanne tun kafin lokacinsa ya yi. Ya rasu a 1688, littafinsa a kan aikin lambu ya fito a 1690.

Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, an san ta tun kafin zamaninsa. Shi dai ya tsara ta, ya rubuta ta, kuma yana da aljihun sarki a bayansa. Waɗanda suka fi burge ni su ne talakawan da suka ɗauki abin suka mayar da shi sana'a, ba tare da ko sisin sarki ba.

Faransawa suna kiransu maraîchers. Kalmar daga marais ta fito, wato fadama, domin a dausayin da ke gefen kogin Seine kakanninsu suka fara noman kayan miya. Kun ga ke nan, in za mu fassara sunan kai tsaye, 'yan fadama ne sak. A 1845 biyu daga cikinsu, Moreau da Daverne, suka rubuta littafi a kan sana'ar, da hannun masu yin ta. A lokacin akwai lambuna kimanin 1,800 a Paris da kewayenta, mutum wajen 9,000 na aiki a ciki, a kan fili kusan hekta 1,400. In ka raba za ka ga yawancin lambunan ba su kai hekta ɗaya ba. A wannan ɗan fili ne iyali guda da 'yan barorinsu ke ɗebe amfani sau huɗu, sau biyar, har sau shida a shekara.

Yanzu bari mu shiga yadda abin yake aiki, don nan ne daɗin labarin.

Duk wanda ya taɓa tura hannu cikin tarin taki ko tsibin ciyawa mai laima ya san da ɗumi a ciki. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke cin abin, suna fitar da zafi. Kashin doki da ya cakuɗu da tattakar ciyawar barga da fitsari ya fi kowanne saurin ɗaukar zafi, domin yana da sako-sako, iska na ratsa shi. Na shanu ya cika ruwa da nauyi, ba ya yin haka. In aka tara na doki sabo, cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa kan kai digiri 60 ko fiye. Wannan zafin ƙona shuka zai yi. Gwanintar ɗan lambu ita ce ya san yadda zai horar da shi, ya sauko wajen digiri 20 zuwa 25, ya kuma zauna a haka makonni.

A nan aikin kaka ya shigo. Tun da rani, lokacin da babu mai buƙatar ɗumi, suke sayen taki suna tarawa tsibi-tsibi a gefen lambu har ya huce ya bushe. Da kaka ta kama sai a fara gauraya wannan tsohon da sabo. Wasu kuma su haɗa da busasshen ganyen da itatuwa suka zubar, domin ganye zafinsa kaɗan ne amma yana daɗewa. Yawan sabon da za a saka ya danganta da watan da ake ciki: na Nuwamba daban, na Janairu daban. Sai a shimfiɗa gaurayen a yi masa tudu mai kaurin kamar rabin mita, a tattake shi da ƙafa, a yayyafa ruwa in ya bushe, sannan a zuba lallausar baƙar ƙasa a kai, wadda ita ma tsohon takin bara ce da ya gama ruɓewa. Shi ke nan fangali ya samu murhu a ƙarƙashinsa.

Saura rufi. Suna da iri biyu. Akwai akwatin katako marar gindi da ake ɗorawa a kan fangalin, a rufe shi da murfin gilashi kamar taga. Akwai kuma abin da ya zama tambarin sana'ar, wato ƙararrawar gilashi, wadda suke kira cloche. Ku ɗauka kamar babban akushi ne na gilashi aka kife a kan shuka, faɗinsa wajen santimita 40, da ɗan tudu a sama. Lambu guda kan mallaki dubbansu. A watan Oktoba ake yafa irin latas a ƙarƙashinsu, in ya tsiro a cire a dasa da ɗan tazara, in ya ƙara girma a sake dasawa a kan fangali mai ɗumi. Ƙarƙashin ƙararrawa ɗaya sukan sa latas mai tsayi guda a tsakiya, ƙanana uku ko huɗu a kewaye. A cikin akwatunan kuma sukan yafa karas tare da radish, wata 'yar jar saiwa mai yaji-yaji da ke nuna cikin 'yan makonni, sannan su dasa latas a kai. A fara cire radish, latas ya samu wuri. A yanke latas, karas ya samu wuri. Kafin karas ya gama an riga an dasa farin kabeji a gefe. Ƙasar ba ta hutawa ko na kwana ɗaya.

To amma fa gilashi ba ya hana sanyin dare shi kaɗai. Don haka wani babban aikin kaka da na ranakun da ba a iya fita shi ne saƙa asabari na karan hatsin rai, wani dangin alkama mai dogon kara. Kowace yamma a bi layi-layi a shimfiɗa asabarin a kan gilasai, kowace safiya a naɗe. In dare ya yi tsanani a ninka biyu, a cusa busasshen taki a tsakanin ƙararrawoyin. In rana ta ɗan leƙo kuma wata matsalar ce, domin cikin gilashin zai yi zafi da gumi, shukar ta ruɓe. Sai a bi kowace ƙararrawa a ɗaga gefenta a tokare da wani ɗan itace mai tsaga uku, tsagar farko iska kaɗan, ta ƙarshe iska sosai. Gajimare ya taso, a koma a sauke. Ku lissafa wannan a kan ƙararrawa dubu biyu ko uku, da hannu, a cikin sanyi. Wallahi ko tunaninsa gajiya ne.

In zafin fangali ya fara mutuwa a tsakiyar hunturu, ba a tayar da shukar. Sai a haƙe 'yar hanyar da ke tsakanin fangali da fangali, a cika ta da sabon taki, zafinsa ya ratsa ta gefe. Hanyoyin nan kuwa don tsabar tsimin fili ba su wuce faɗin tafin ƙafa da kaɗan ba. Baro ba ya shiga. Duk wannan taki a baya ake goya shi, cikin wani dogon kwando mai igiya a kafaɗa, mutum ya sunkuya ya juye shi ta saman kansa.

Kuma sanyin ba na wasa ba ne a wasu shekarun. A ranar 10 ga Disamba 1879 ma'auni ya sauka zuwa digiri 23.9 ƙasa da sifili a Paris, kogin Seine ya daskare har mutane na takawa a kai. A irin wannan dare abin da ke tsakanin jarin shekara guda da asara shi ne ɗumin taki da kaurin asabari.

Ina suke samun takin da ya isa? Nan ne birni ya shigo. Paris ta ƙarni na 19 a kan doki take tafiya. Motar haya doki ke ja, bas doki ke ja, kayan gini, gawayi, giya, gawa, duk doki. A ƙarshen ƙarnin dawakan birnin sun kai wajen 80,000. Kamfanin bas-bas na birnin, wanda aka kafa a 1855, shi kaɗai yana da dubbai, ga na barikin soja. Kowane doki kuma kullum sai ya yi abin da ya saba. Ga mai barga wannan kaya ne da dole a kwashe kafin wari da ƙuda su kore shi. Ga ɗan lambu kuwa makamashi ne. Abincin wani gubar wani. Sai aka ƙulla ciniki: cikin dare amalanke ya fita daga lambu maƙare da ganye zuwa babbar kasuwar Les Halles a tsakiyar gari, galibi matar gida ce ke zuwa ta yi cinikin tun kafin asuba, a dawowa kuma a biya ta barga a ciko shi da taki. Wani masani mai suna Gerald Stanhill ya yi lissafin wannan tsari a 1977, ya kiyasta cewa takin da ke shiga lambunan ya kai kimanin tan miliyan ɗaya a shekara, ganyen da ke fitowa kuma ya haura tan 100,000.

Wani abin dariya shi ne ƙasar lambun ƙaruwa take yi. Duk shekara takin da ya gama ba da zafi yana zama baƙar ƙasa mai kyau, har ta yi yawa a sayar wa wasu. Kuma da yake yawancinsu haya suke yi, sai ya zama al'ada a rubuta a yarjejeniya cewa ranar da ɗan lambu zai tashi, zai kwashe ƙasarsa ya tafi da ita. Hujjarsu mai ƙarfi ce: mai fili fili ya bayar, ƙasar kuwa su suka yi ta da hannunsu. Ko a ƙarƙashin birnin ma takin bai tsira ba. A tsofaffin ramukan da aka haƙo duwatsun gina Paris, wasu sun riƙa noman naman kaza a kan kashin doki cikin duhu, shi ya sa har yau Faransawa ke kiran farin naman kaza da sunan Paris.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan kewayen Kano, wannan ciniki ba baƙonsa ba ne. Da rani jakuna kan shigo birni da itace, su fita da mangala cike da taki, wato kashin awaki da tumaki da toka da sharar gida, a kai gona a zuba tsibi-tsibi kafin damina. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna cewa da wannan taki ne ake noma gonakin kusa da birni shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Bambancin kawai shi ne mu abinci muke nema wa ƙasa, su kuwa ɗumi suka fara nema, abincin ya biyo baya. Abin da ya lalata namu a yau kowa ya sani: leda, batir da fasassun kwalabe sun cika bola, manomi sai ya tsaya tsincewa kafin ya zuba.

Mu koma Paris. Baƙi sun yi ta zuwa kallo. William Robinson, wani marubucin harkar lambu ɗan Ayalan, ya ba su babban wuri a littafinsa na 1869 a kan lambunan Paris, yana zuga Ingilishi su yi koyi. Peter Kropotkin, ɗan Rasha mai ra'ayin juyin juya hali, ya kafa hujja da su a ƙarshen ƙarnin cewa birni na iya ciyar da kansa. Sai dai ni ina ganin masu yabon sun fi kallon latas ɗin a kan kallon mutanen. Rayuwa ce ta tashi tun cikin dare a kwanta bayan duhu, miji da mata da yara, ga kuɗin haya mai tsada, ga bashin gilashi, ga ciwon baya. Ƙanƙarar sama ta minti goma tana iya farfasa ƙararrawoyin da aka shekara goma ana tarawa. Kuma latas ɗin Janairu mai kuɗi ke cin sa, ba lebura ba.

Rushewar abin a hankali ta zo, ta fuskoki da yawa. A 1860 aka faɗaɗa iyakar Paris ta haɗiye unguwannin gefe, a zamanin da Haussmann ke rusa tsohon gari yana fitar da manyan tituna. Fili ya yi tsada, 'yan lambu suka kwashi ƙasarsu suka matsa waje, irin su Bobigny da Créteil. Wannan bai kashe su ba, sun saba ƙaura. Sai jirgin ƙasa ya haɗa Paris da kudancin Faransa, inda rana ke yin aikin kyauta, jiragen ruwa kuma suka fara kawo kayan lambu daga Aljeriya da ke ƙarƙashin mulkin mallakarsu. Wanda ya goya taki a baya ya samar da ɗumi yanzu yana gasa da wanda Allah ya ba shi ɗumin a banza.

Babban bugun dai daga mota ya zo. A 1900 aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris. Tarago mai lantarki ya yaɗu, bas mai inji kuma ya biyo. A watan Janairu 1913 bas na ƙarshe da doki ke ja ya yi zagayensa na bankwana. Shekara ɗaya da rabi bayan nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya kwashe samari ya kwashe dawakan da suka rage. Taki ya yi ƙaranci, ya yi tsada. Wani zai ce ai ga takin zamani ya shigo. Gaskiya ne, amma takin zamani ciyar da shuka yake yi, ba ya ɗumama ta. Ka zuba buhu goma a fangali a daren Janairu, da safe ƙanƙara za ka tarar. Waɗanda suka ci gaba sai suka koma ɗumama gidan gilashi da gawayi da mai, daga baya leda ta zo. A shekarun 1960 manyan benaye suka hau kan lambunan Bobigny, a 1969 kuma aka tashi kasuwar Les Halles kanta aka mayar da ita Rungis a bayan gari.

Ilmin bai ɓace gaba ɗaya ba. A 1974 wani manomi Ba'amurke, Eliot Coleman, ya ziyarci ɗaya daga cikin 'yan lambun da suka rage a kusa da Paris, ya koma jihar Maine, inda sanyi ya fi na Paris nesa ba kusa ba, ya shafe shekaru yana gwada noman hunturu. Nasa salon ya bambanta: rumfar leda a waje, wani siririn mayafi a kan shukar a ciki, da zaɓen ganyayen da ke jure sanyi, a shuka su tun farkon kaka don su girma kafin rana ta gajarce. Littafinsa na 2009 a kan girbin hunturu ya ware babi guda don tarihin mutanen Paris, kuma ta hanyarsa ne matasan manoma da yawa a Amurka da Kanada, har da Faransa kanta, suka sake jin labarinsu.

Lambun sarki na Versailles yana nan har yau, makarantar koyon tsara lambuna ce ke kula da shi, ana shiga kallo, ana kuma sayar da abin da aka girbe. A cikin Paris kuwa, a gabashin gari, akwai titi mai suna Rue des Maraîchers, wato titin 'yan fadama, da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai wannan suna a layi na 9. Benaye ne da shaguna a wurin yanzu.

A nan za mu dakata. Wanda kakansa ko babansa ya yi safarar taki da jaki, ya ba mu labarin yadda ake cinikin mangala a garinsu, muna son ji. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.